Ƙarin ya narke, ƙoda ta tsaya: in mayar da ɗana gida?

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a Garwa, kuma ina rubuto wannan wasiƙa ne daga bakin gadon ɗana mai shekara 7 a wani asibiti da ke Yawunde. Cikinsa ya fara kumbura a tsakiyar zafin Afrilu, kafin mako uku ya zama kamar tulu. Mun saya masa magani a farmasi, an yi masa alluran kashe ciwo, mun kuma yi na gargajiya, kafin aka turo mu nan. Muka hau mota zuwa Ngaundere, muka kwana a jirgin ƙasa, yana amai duk tsawon hanya. Gwaji ya nuna ciwon daji ne da ake kira Burkitt. Aka yi masa ƙarin ruwa, aka ba shi zagayen farko na shimiyo, wato maganin ciwon daji. A dare na biyu fitsarinsa ya ɗauke, yatsunsa suka ƙanƙame, jikinsa ya yi zafi rau, ya shiga jijjiga. Sai da aka sa masa iskar oksijin, aka wanke masa ƙoda sau uku, sannan fitsari ya dawo. Likita ya rubuta "syndrome de lyse tumorale" a takardarsa. Yanzu cikin ya sace sarai, yana cin abinci, kuma ana so a ba shi zagaye na biyu. Innata ta ce in dawo mata da jikanta tunda ya warke. Yayana ya ce maganin da ya kusa kashe yaro guba ne. Uwar yaron ba ta cewa komai sai kuka. Shin maganin ne ya taɓa masa ƙoda? Kuskuren likitoci ne, ko laifina ne? In sa hannu a ci gaba, ko in ɗauke shi?

Wani uba, daga Garwa

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannu da jinya, Allah ya ba yaron nan lafiya, ya kuma sanyaya zuciyarka da ta mahaifiyarsa. Zan fara da amsar tambayarka ta ƙarshe, domin na san ita ce take hana ka barci: ka bar shi a asibiti, kuma idan likitocinsa sun duba ƙodarsa sun ce ta isa ɗaukar zagaye na biyu, ka sa hannu. Ba ina faɗin haka ne don na raina abin da idonka ya gani ba. Uban da ya tsaya a kan ɗansa yana jijjiga cikin dare, a garin da ba nasa ba, ana yi masa bayani da harshen da ba a haife shi da shi ba, yana da haƙƙin ya ji tsoro, yana kuma da haƙƙin a warware masa abin da ya faru dalla-dalla kafin a miƙa masa biro.

Ciwon da ke jikin ɗanka ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan mai suna Denis Burkitt ne ya bayyana shi a 1958, bayan ya ga yara da yawa a Yuganda suna zuwa da kumburin muƙamuƙi ko na ciki, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Daga baya aka gane cewa ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma yana da alaƙa da wata ƙwayar cuta da aka gano a 1964, mai suna Epstein-Barr. Abin da ya bambanta shi da sauran cututtukan daji shi ne saurinsa, domin yana cikin ƙari mafi saurin girma da aka sani a jikin ɗan'adam, har ƙwayoyinsa suna iya ninkawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Mako ukun da ka ƙirga ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san wannan ciwo. Sai dai saurin nan nasa shi ne kuma rauninsa, saboda shimiyo ya fi kama ƙwayoyin da suke tsakiyar rabuwa da hayayyafa, kuma ƙarin Burkitt kusan dukkansa a cikin wannan hali yake. Da magani ya taɓa shi, sai ya rushe gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki.

Wannan rushewar ita ce ma'anar kalmomin Faransancin da likita ya rubuta maka: rikicin da ke biyo bayan narkewar ƙari. Ka tuna abin da ke faruwa a unguwa idan aka yi ruwan Agusta mai ƙarfi gidajen ƙasa suka zube a dare ɗaya. Da a ce gida ɗaya ne ke zubewa a wata, da kwata ta ja ƙasar a hankali ba wanda ya sani, amma idan suka zube tare, laka takan cika kwatar, ruwa ya rasa hanya, ya koma cikin gidajen da suke tsaye. Ƙarin da ke cikin ɗanka tarin ƙananan ƙwayoyi ne marasa adadi, kowace kamar ƙaramar jaka cike da sinadarai, kuma da suka fashe tare sai duk abin da ke cikinsu ya kwarara cikin jini, alhali ƙoda biyu na yaro ɗan shekara 7 ne kaɗai hanyar fitar da shi. Yawanci abin yakan bayyana tsakanin awa 12 zuwa 72 da fara magani, kuma daren na biyu da ka ambata yana tsakiyar wannan lokaci.

Sinadarin da ya fi saurin kisa a cikinsu shi ne fotasiyam. Kusan kashi 98 cikin 100 na fotasiyam ɗin jiki a cikin ƙwayoyi yake zaune, kaɗan ne ke yawo a jini, tsakanin 3.5 zuwa 5 a ma'aunin da asibiti ke amfani da shi. Zuciya tana bugawa ne da wani ɗan lantarki da ya dogara ga wannan daidaito, saboda haka idan fotasiyam ya haura 6 sai bugun ya fara rikicewa, kuma yana iya tsayawa ba tare da gargaɗi ba. Idan ka ga an manna wa yaron wayoyi a ƙirji ana kallon layi a allo, ko an yi masa allurar insulin tare da ruwan sukari alhali ba shi da ciwon sukari, ƙoƙari ake yi a tura fotasiyam ɗin ya koma cikin ƙwayoyi kafin ya illata zuciya. Na biyu shi ne fosfet, wanda ƙwayoyin irin wannan ƙari suke ɗauke da shi fiye da lafiyayyun ƙwayoyi. Idan ya yi yawa a jini sai ya kama kalsiyam su dunƙule, su zauna a cikin ƙoda, jini kuma ya rasa kalsiyam ɗin da jijiyoyi ke buƙata. Yatsun da ka ga sun ƙanƙame, da jijjigar da ta biyo baya, irin alamun da faɗuwar kalsiyam ke kawowa ne.

Na uku shi ne yurik asid, wanda hanta ke sarrafawa daga ragowar abin da ke tsakiyar ƙwayoyin da suka mutu. Shi ne sinadarin da ke taruwa a gaɓoɓin wasu manya ya kumbura musu babban yatsan ƙafa. A jikin mai lafiya yakan narke ya fita da fitsari. Amma kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, kowanne da siririn bututunsa, kuma idan yurik asid ya yi yawa, ruwa ya yi kaɗan, sai ya daskare ya zama kamar tsakin gishiri ya toshe bututun. Daga nan ne fitsari ke ɗaukewa. Da zarar ya ɗauke kuwa, fotasiyam da fosfet ɗin da ya kamata su fita sai su ƙara taruwa, taruwarsu ta ƙara danne ƙodar, abu ya yi ta cin kansa. Wankin ƙodar da aka yi masa sau uku aron ƙoda ne daga na'ura, domin ta kwashe abin da ya taru har tasa ta samu numfashi.

Saura zafin jiki da wahalar numfashi, kuma a nan nake so ka ƙara natsuwa, domin wannan ɓangaren ne iyaye suka fi kasa ganewa. Ƙwayoyin da suka fashe suna sakin wasu sinadarai da ake kira saitokin, waɗanda aikinsu a jiki shi ne kai ƙara ga garkuwar jiki cewa an yi ɓarna a wani wuri. Idan ƙaya ta soki ƙafa, su ne suke sa wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, domin jijiyoyin jini su buɗe dakarun jiki su isa wurin. Wannan alheri ne matuƙar a wuri ɗaya yake. To amma idan saitokin suka cika jini baki ɗaya, sai kumburin da aka yi domin tafin ƙafa ya tashi a ko'ina lokaci guda. Jijiyoyin jini sukan saki, hawan jini ya faɗi, ruwa ya riƙa tsattsafowa daga jijiya yana shiga nama da huhu. Huhun da ya jiƙe ba ya iya ɗaukar iska yadda ya kamata, ga shi kuma ƙodar da za ta rage ruwan ta tsaya. Jinin da ke isa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa ya ragu, wanda ya isa ɗin ma ba shi da wadatar oksijin, sai kowace gaɓa ta fara gazawa tana jan 'yar'uwarta. Shi kansa yurik asid, ko bai daskare ba, yana matse jijiyoyin ƙoda yana kuma rura wannan kumburi. Wannan ne likitoci ke nufi idan suka ce gaɓoɓi da dama sun gaza tare, kuma shi ne dalilin da ya sa aka kai shi ɗakin da ake sa ido dare da rana. A irin wannan hali alamomin suna kama da na ƙwayoyin cuta da suka shiga jini, har ba a iya rarrabe su da ido, shi ya sa likita mai hankali yakan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ya kuma gwada zazzaɓin cizon sauro ba tare da ya jira ba.

Ka ga ke nan abin da ya toshe ƙodar daga cikin ƙarin ya fito. Ba zan ɓoye maka cewa shimiyo magani ne mai ƙarfi da ke da nasa illolin ba: yana zubar da gashi, yana sa gyambon baki, yana karya garkuwar jiki na ɗan lokaci, wasu nau'o'insa ma suna iya wahalar da ƙoda. Amma abin da ya faru a daren nan shaida ce cewa maganin ya sami ƙarin ya farfasa shi. Hujja mafi ƙarfi da za ka kai wa Yayanka ita ce, wannan rikici yana faruwa ga masu ciwon Burkitt tun ba a ba su ko ɗigon shimiyo ba, domin ƙarin yakan yi girman da abincinsa ba ya isarsa, ya fara mutuwa da kansa. Akwai yaran da suke isa asibiti ƙodarsu ta riga ta tsaya. Bambancin shi ne naka ya same shi a kan gadon asibiti, kusa da na'urar wanki, maimakon a kan tabarma a tsakar gida ko a cikin jirgi tsakanin Ngaundere da Yawunde.

Idan kana so ka gani da idonka, ka roƙi likita ko nas ya zauna da kai a kan takardun gwajin jinin. Tun 2004 wasu likitoci biyu, Cairo da Bishop, suka tsara ma'aunin da ake gane wannan rikici da shi, daga kwana uku kafin fara magani zuwa kwana bakwai bayansa: yurik asid ya kai 8, fotasiyam ya kai 6, fosfet ya kai 6.5 ga yaro, ko kalsiyam ya faɗi zuwa 7. Idan biyu daga ciki suka haɗu, an shiga rikicin, idan kuma aka ƙara da gazawar ƙoda ko jijjiga ko rikicewar bugun zuciya, ya kai matakin da ya fito fili. Ma'aunin da ɗakin gwaji ke rubutawa yakan bambanta, saboda haka kada ka kwatanta lambobin da kanka, ka ce a nuna maka na ranar da kuka zo, da na daren da abin ya faru, da na yau. Ka nemi a nuna maka kiriyatinin musamman, domin shi ne ke faɗin yadda ƙoda take aiki, kuma saukarsa ce za ta gaya maka ta farfaɗo.

Game da kuskuren likitoci, abin da ake bukata a yi wa mai babban ƙari kafin shimiyo sananne ne. Ana yi masa ƙarin ruwa mai yawa domin fitsari ya yi ta gudu, ana ba shi ƙwayar alofurinol da ke hana jiki ƙera sabon yurik asid, ana auna jininsa sau da dama a rana, kuma a tsarin da likitocin Faransa suka fito da shi, wanda ƙungiyar likitocin ciwon dajin yara ta Faransa da Afirka mai suna GFAOP da aka kafa a 2000 ta yaɗa a asibitocin yara na Afirka, akan fara da ɗan ƙaramin magani na mako guda domin ƙarin ya narke sannu a hankali. Ka ce an yi masa ƙarin ruwa kafin a fara, wannan alama ce cewa sun san haɗarin sun kuma yi shiri. Duk da haka rigakafin ba ya tare kowa, domin alofurinol ba ya taɓa yurik asid ɗin da ya riga ya taru. Akwai wata allura mai suna rasburikes da ke narkar da wanda ya taru cikin awoyi kaɗan, amma tana da tsada ƙwarai, ba ko'ina ake samunta ba, kuma tana fasa jinin mutumin da ke da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda gado ne da ya yawaita a tsakanin mazan Afirka. Ka tambaye su abin da aka yi, cikin ladabi kuma ba tare da jin kunya ba, domin tambaya haƙƙinka ce. A ra'ayina dai mutanen da suka gane abin cikin dare, suka kai shi ga wanki, suka dawo maka da shi yana cin abinci, sun fi kowa sanin jikin yaron nan a yanzu, kuma sauya hannu a tsakiyar magani asarar kwanakin da ba ku da su ce.

Batun laifinka kuwa, zan gaya maka gaskiya saboda za ta amfane ka nan gaba. Zafin Garwa a Afrilu, da ke haura digiri 40, da aman da ya yi a hanya, sun busar masa da jiki. Magungunan kashe ciwo irin su diklofenak da ibufurofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, jiƙe-jiƙen gargajiya kuma ba wanda ya san abin da ke cikinsu balle yawansa. Mai yiwuwa ne waɗannan sun sa ƙodar ta isa Yawunde a gajiye. Amma babban dalili shi ne girman ƙarin da saurinsa, kuma ba kai ka sa masa shi ba. Ka yi abin da kowane uba a unguwarku zai yi da ilimin da ke hannunsa, sannan da aka ce ka tafi, ka rufe rumfarka ka ɗauki yaro ka yi tafiyar kwana da wuni. Ka ajiye wannan nauyi, akwai wani aikin a gabanka.

Zagaye na biyu ba irin na farko ba ne. Haɗarin narkewar ƙari yana tafiya ne da yawan ƙarin da ke jiki, shi ya sa ya fi tsanani a kwanakin farko na magani. Yanzu da cikin ya sace, abin da zai fashe ya ragu nesa ba kusa ba. Likitoci za su auna ƙodar kafin su fara, suna iya jinkirtawa ko su rage wani magani, musamman metotirekset da ke fita ta ƙoda, kuma wannan hukunci nasu ne. Abin da ba na so ka ruɗu da shi shi ne lafewar cikin. Ido ba ya ganin ƙwayoyin da suka rage a ciki, ko a ɓargo, ko a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, wanda saboda shi ne ake yi wa yaran allura a gadon baya. Ƙwayar da ke ninkawa cikin kwana biyu ba ta bukatar wata da yawa kafin ta mayar da cikin yadda yake. Idan ka ɗauke shi yau, an kashe maciji ba a sare kansa ba, kuma Burkitt ɗin da ya dawo bayan an katse magani ya fi na farko taurin kai, sau da yawa ba ya jin maganin da ya ji a da. Ga shi kuma idan ya sake girma, haɗarin da kuke gudu ya dawo sabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa a ƙasashe masu arziki, amma a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su kai kashi 30 ba, kuma zuwa a makare da katse magani suna cikin manyan dalilai. A shirin da ta ƙaddamar a 2018 ta sa Burkitt cikin cututtukan daji shida na yara da ta fi mayar da hankali a kansu, saboda ana iya warkar da su da magungunan da ake da su. Ba zan yi maka alkawarin warkewa ba, wannan na Allah ne, amma ɗanka yana da dama ta gaske idan ya kammala, kuma maganin Burkitt na 'yan watanni ne.

A bakin gado akwai aikin da ba wanda zai yi shi kamar ku. Ka samo gorar roba ta ruwan sha, a ja mata layi-layi da biro a gefe, duk fitsarin da ya yi a zuba a ciki a duba, ka rubuta lokaci da yawa a ƙaramin littafi, ka kuma rubuta duk abin da ya sha, ko rabin kofin koko ne. Nas ɗin da ke kula da gadaje da yawa cikin dare ba za ta lura cewa yaro ya yi awa shida bai yi fitsari ba, amma littafinka zai lura. Idan fitsarin ya ragu ko ya yi duhu, idan fatar idonsa ko ƙafarsa ta kumbura, idan ya ce bakinsa ko yatsunsa suna masa kamar tafiyar kiyashi, idan numfashinsa ya yi sauri ko ya cika barcin da ba a iya tashinsa, ka kira ma'aikata nan take, kada ka ce bari gari ya waye. Yawan ruwan da zai sha kuma likita ne zai faɗa, domin ruwan da ke ceton ƙoda mai aiki shi ne ke cika huhu idan ta tsaya.

Masu zuwa dubiya za su zo da ayaba da lemu da dabino, kuma duk suna da fotasiyam mai yawa, haka ma ruwan tokar da ake sa wa miya. Nono da madara da gyaɗa da wake suna da fosfet. Ka karɓa ka yi godiya, amma kada yaron ya ci sai likita ya ce ƙodar ta koma daidai, sa'annan ne zai bukaci abinci mai gina jiki sosai. Kada a ba shi kowace ƙwaya daga waje, ko da ta ciwon kai ce. Ina jaddada wannan a kan deksametazon da firednizon, waɗanda ake sayarwa barkatai a kasuwa, har wasu na shan su don ƙiba: su kaɗai suna iya farfasa irin wannan ƙari, saboda haka wurinsu hannun likita ne. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani a kansa kuwa, ku yi iyakar ƙarfinku. Abin da za a zuba masa a baki ne kawai nake roƙo ya bi ta hannun likita tukuna, ko rubutu ne, a shigar da shi cikin lissafin ruwan da ya sha.

Inna ba abokiyar gaba ba ce a wannan magana. Tsohuwa ce da aka ɗauke mata jika aka kai shi nesa, sai labarin jijjiga da na'ura take ji ta waya, kuma duk wanda ya ji haka zai ce a dawo da shi. Kada ka yi musu da ita. Ka kira ta ta bidiyo lokacin da yaron ke cin abinci, ya gaishe ta da bakinsa, sannan ka ce mata ciwon ya kwanta amma saiwarsa tana nan, likita ya ce a bari a tuge ta, kuma kana neman albarkarta a kan haka. Idan akwai malamin da take jin maganarsa, ka fara yi masa bayani, shi ya tuna mata hadisin da ke cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Yayanka kuma ka ba shi girmansa ta hanyar sa shi cikin lamarin: ka roƙi likita ya ba ku minti goma a waya, a samu mai fassara idan da bukata, ya yi tambayoyinsa da kansa. Ka kuma ɗora masa aikin da ke bukatar babba, wato haɗa gudummawar dangi da ta abokan kasuwa, domin gwajin jini na kullum yana cin sefa, kuma shi ne abin da bai kamata a tsallake ba ko sau ɗaya. Yaron zai iya bukatar ƙarin jini a makonni masu zuwa, saboda haka tun yanzu ka je unguwar Birkitari, inda Hausawan Yawunde suke, ka gabatar da kanka a masallaci, ka nemi waɗanda za su ba da jini idan an kira su.

Mahaifiyarsa kuwa, ka zauna da ita a waje ka karanta mata wannan amsa, ko ka faɗa mata da bakinka, sannan ka tambaye ta ra'ayinta ka saurara. Shirunta ba ya nufin ba ta da magana, mai yiwuwa tana tsoron ta saɓa wa surukarta ne, ko tana zargin kanta kamar yadda kake zargin kanka. Ku raba dare biyu, ɗaya ya yi barci ɗaya ya riƙe littafin.

Bayan zagaye na biyu, abin da za ku fi sa wa ido shi ne zazzaɓi, musamman daga kwana 7 zuwa 14, lokacin da garkuwar jiki ke faɗuwa ƙasa. Ka sayi ma'aunin zafi ka koyi karanta shi, idan ya kai 38 ku nufi asibiti ko ƙarfe nawa ne, ba tare da an ba shi komai a gida ba. Yawancin ƙodar da ta tsaya ta wannan hanya tana farfaɗowa, amma tana bukatar bibiya, saboda haka ranar da za a sallame ku zuwa Garwa ka karɓi takarda mai ɗauke da sunan ciwon, da magungunan da aka ba shi, da kiriyatinin na ƙarshe, da ranar da za a sake auna masa jini da fitsari da hawan jini. Ka ɗauki hotonta a waya, ka kuma nuna ta ga duk ma'aikacin lafiyar da zai rubuta wa yaron magani, ko na tari ne. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya mayar da ku gida tare da shi.